Ƙarfin Zuciya a Wasanni

Ƙarfin zuciya a wasanni shi ne yardar da ɗan wasa yake yi wa kansa cewa zai iya aiwatar da abin da ya koya a lokacin da idon jama'a ke kansa. Kishiyarsa karaya ce, alamunta kuwa sanannu ne: faɗuwar gaba, sanyin jiki, gaggawar rabuwa da ƙwallo, da noƙewa in an zo bugun fanareti. Batun yana ƙarƙashin ilimin halayyar 'yan wasa, fannin da Coleman Griffith ya buɗe wa ɗakin bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka a 1925.

A 1977 masani Albert Bandura ya bayyana tushe huɗu na yarda da kai: nasarar da mutum ya taɓa samu da hannunsa, ganin tsaransa ya yi abin, kalaman ƙarfafa gwiwa, da yadda yake fassara halin da jikinsa ke ciki. Na farkon ya fi sauran ƙarfi. Shi ya sa ƙwararren koci yake fara ba yaro aikin da zai iya da ɗan ƙoƙari, sannan ya riƙa ƙara masa wuya sannu a hankali.

Hausawa sun san wannan al'amari tun kafin ya shiga littafi. A fagen dambe da kokawa, aikin makaɗan maza ne su zuga ɗan wasa, su ambaci ubangidansa da mazajen da ya kayar, har jikinsa ya ɗauki tsuma, shi kuma ya amsa da kirari. Shaharar ɗan dambe Shago ba ta rabuwa da waƙoƙin makaɗi Ɗan Anace. Abin lura shi ne, mafi yawan abin da makaɗi ke faɗa tuni ne ga nasarorin baya, wato tushen farko na Bandura aka ɗora bisa kalangu. Laya da guru ma, ko me mutum ya ɗauke su, suna kwantar da hankalin mai ɗaure da su. Sai dai zugar da ba atisaye a bayanta takan kai yaro ya tari wanda ya fi ƙarfinsa, kuma kayen farko a gaban jama'a yana daɗewa bai bar zuciya ba.

A Zariya, misalin gina ƙarfin zuciya da ya fi fitowa fili na ƙwallon kwando ne. Oliver Johnson, Ba'amurken koci, ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970, ya tashi a Zariya, ya kama wasan yana ɗan shekara 13. Bai taɓa buga gasar NBA ba, amma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin a 2019. Gidauniyarsa ta Giants of Africa, da aka kafa a 2003, tana shirya sansanonin horo inda yara ke haɗuwa ido da ido da waɗanda suka tashi a unguwanni irin nasu.

A filayen unguwa irin na Hanwa da Tudun Wada, nauyin duka yana kan kocin unguwa. Abubuwan da suka fi karya yaro a nan su ne tsawa a gaban tsara, ihun 'yan kallo, da cire shi daga wasa kan kuskure ɗaya. Dabarun da masana suka yarda da su ba sa cin kuɗi: jan numfashi kafin bugu, hararo bugun a zuci, da gyaran kuskure a keɓe bayan an tashi.

Tarihin ƙwallon ƙafa a Nijeriya yana da shaida a kan juriyar matasa. A Dammam ta Saudiyya, a 1989, Tarayyar Sobiyat ta zura wa tawagar matasan Nijeriya, Flying Eagles, huɗu ba ko ɗaya. Yaran koci Tunde Disu suka farke duka huɗun cikin kusan rabin sa'a, suka ci 5 da 3 a bugun fanareti.