Ranar Farko Ta Haila: Yadda Ake Gane Ta Da Yadda Ake Ƙirga

'Yan'uwa, duk macen da ta taɓa zuwa awon ciki ta san tambayar da malamar asibiti take fara yi mata: "Yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe?" Mata da yawa a Darini da sauran ƙauyukan Batsari da Safana sukan amsa da cewa "wajen yankan gero" ko "bayan Kirsimeti kaɗan." Amsar ba ƙarya ba ce, amma ba ta isa ba. Rana guda ake nema, domin daga ita ake lissafin watannin ciki, da lokacin fara wasu magunguna, da lokacin haihuwa. Mun shirya wannan bayani domin zumuntar mata, da masu koyar da ma'aurata, da iyaye masu 'ya'ya mata, da maza ma, gama lafiyar matar gida nawaya ce a kan maigida.

Wace rana ce ta farko

Ranar farko ita ce ranar da jini ya zo sosai, ja, yana gudana har mace ta bukaci ƙunzugu ko audugar mata. Ɗigo-ɗigon da wasu suke gani kwana ɗaya ko biyu kafin nan, mai launin ƙasa-ƙasa ko ja mai haske, wanda bai wuce ya ɗan ɓata zane ba, ba a ƙirga shi. Ciwon mara da ciwon baya da nauyin nono alamu ne cewa al'ada tana tafe, amma su ma ba daga kansu ake fara lissafi ba.

Kuskuren da muka fi gani shi ne ƙirgawa daga ranar da jini ya ɗauke, wato ranar da mace ta yi wanka ta ce ta gama. Wannan yakan kawo bambancin kwana 4 zuwa 7, kuma kwanakin zubar jini sukan canza daga wata zuwa wata. Ranar farawa ce aka fi iya ganewa ba tare da shakka ba, shi ya sa likitoci ko'ina a duniya suka tsaya a kanta. A katin awo za a ga haruffa LMP. Ranar da aka rubuta a gabansu ita ce ranar farko ta hailar ƙarshe.

Abin da yake faruwa a jiki

Kowane wata jikin mace yakan shimfiɗa wa mahaifa wani rufi mai taushi a ciki, domin karɓar ciki idan ya shiga. Ƙwai yakan fito daga ma'ajiyarsa wajen kwana 14 kafin haila mai zuwa. Idan bai haɗu da maniyyi ba, sinadaran da suke riƙe da rufin nan sukan ragu, sai rufin ya saki ya fito tare da jini. Saboda haka ranar da jini ya zo ita ce ƙarshen tsohon zagaye, ita ce kuma rana ta 1 ta sabo.

Tsawon zagaye shi ne daga ranar farko ta wannan haila zuwa jajiberen mai zuwa. Idan jini ya zo ran 3 ga Maris, ya sake zuwa ran 31 ga Maris, zagayen kwana 28 ne. Ba kowace mace ce take da 28 ba. Daga kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ne ga babbar mace, 'yan mata kuwa a shekarun farko nasu yakan kai 45. Zubar jinin kanta takan ɗauki kwana 2 zuwa 7.

Inda lissafinmu na gida yake saɓawa da na asibiti

A Hausa dare yana gaba da yini. Idan tsohuwa ta ce "daren Laraba," tana nufin daren da ya biyo bayan faɗuwar ranar Talata. Asibiti kuwa da kalanda yake aiki, inda rana take canzawa da ƙarfe 12 na dare. Idan jini ya zo da almuru ranar Talata, a rubuta Talata. Idan da tsakar dare ne mace ba ta san sa'ar ba, sai ta rubuta ranar da ta farka ta gan shi. Wasu likitoci masu duba matsalar rashin haihuwa sukan ce idan jini ya zo can da dare a ɗauki washegari. Wadda take ƙarƙashin irin wannan likita ta bi maganarsa. Muhimmin abu shi ne a riƙe hanya ɗaya kowane wata.

Haka kuma da yawa cikin iyayenmu da maƙwabtanmu da watan sama suke ƙirga, mai kwana 29 ko 30. Ciki yana ɗaukar kwana 280 daga ranar farko ta hailar ƙarshe, wato mako 40. A kalanda wata 9 ne da mako guda, a watan sama kuwa wajen 9 da rabi ne. Nan ne gardama takan tashi tsakanin suruka da malamar asibiti, alhali kowa da ma'aunin da ya ɗauka.

Lissafin ranar haihuwa

Akwai hanya mai sauƙi da ake kira da sunan Franz Naegele, wani likitan mata na ƙasar Jamus da ya rasu a 1851. A ɗauki ranar farko ta hailar ƙarshe, a ƙara kwana 7, sa'an nan a ƙara wata 9. Wadda jininta na ƙarshe ya fara ran 10 ga Janairu, ana sa ran haihuwarta wajen 17 ga Oktoba, tsakiyar kaka ke nan. Kaɗan ne suke haihuwa a ainihin ranar, yawanci tsakanin mako na 37 da na 42 ne. Lissafin ya fi daidai ga mai zagayen kwana 28. Wadda nata yake yawo, hoton ciki da aka ɗauka da wuri zai gyara mata.

A yankinmu wannan lissafi yana iya ceton rai. Mun san halin da hanyoyin da ke kusa da dajin Rugu suke ciki, mun san ba kowane dare ake samun mai babur da zai yarda ya fita ba. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, ko kiran taimako ba a iya yi. Iyalin da suka san makon da naƙuda za ta iya tashi za su tanadi kuɗi tun da wuri, su kai mace goyon ciki ko wurin dangi kusa da babban asibitin Batsari, ko na Dutsin-Ma, ko asibitin mata da yara na Turai Yar'adua a Katsina. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, in ji Hausawa, amma naƙuda ba ta jiran gari ya waye.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2016, ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko cikin mako 12 na fari. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu ciki ba a fara shi sai daga mako na 13. Duk waɗannan makonni daga wannan rana guda ake ƙirga su.

Ga masu neman haihuwa da masu tazara

Ƙwai yana rayuwa kwana ɗaya ko ƙasa da haka, maniyyi kuwa yakan kai kwana 5 a jikin mace. Jami'ar Georgetown ta Amurka ta fito da wata hanyar ƙirga ga matan da zagayensu yake tsakanin kwana 26 da 32: daga rana ta 8 zuwa ta 19 su ne kwanakin da ciki zai iya shiga. An yi mata tsakiya mai duwatsu 32 mai suna CycleBeads. Dutsen farko ja ne, ranar da jini ya zo ake sa zobe a kansa. Cikin mata 100 masu bin hanyar daidai, wajen 5 sukan ɗauki ciki a shekara, a yadda yawancin mutane suke binta kuwa wajen 12. Idan an kuskure ranar farko, dukan lissafin ya karkace. Hanyar ba ta yiwuwa sai da yardar miji da haƙurinsa.

Jinin da ba haila ba

Jinin biƙi, wanda yakan kai mako 6 bayan haihuwa, ba haila ba ne. Mai shayarwa takan daɗe ba ta ga al'ada ba, amma ƙwai yana fitowa kafin jinin farko, don haka ciki yana iya shiga tun ba ta ga komai ba. Allurar tazarar haihuwa da ashanar hannu sukan kawo ɗigo ba kan ƙa'ida ba. Wasu kuma sukan ga ɗan jini a farkon ciki su zaci al'ada ce.

A gaggauta zuwa asibiti idan mace ta yi ɓatan wata sa'an nan ta ga jini tare da ciwon mara mai tsanani, musamman a gefe ɗaya, ko jiri, gama yana iya zama ciki a wajen mahaifa, kuma yana kisa cikin sa'o'i. A je kuma idan jini yana jiƙe ƙunzugu kowace sa'a, ko ya wuce kwana 8, ko yana zuwa bayan saduwa, ko ya dawo wa wadda ta shekara da daina al'ada. Idan wata 3 suka wuce ba haila, kada a zauna ana cewa ciki ya kwanta. A je a yi gwaji.

Yadda za a riƙe ranar

Kalandar da ke rataye a ɗaki ta isa. A zagaye ranar da biro, a yi haka wata 6 a jere, mace za ta san tsawon zagayenta. Wadda ba ta karatu tana iya ƙulla zare ko jefa ƙwayar masara a gwangwani kowace safiya daga ranar farko, ta riƙe kuma ko wace rana ce a mako, ko Lahadi ta nawa ce a wata.

Wasu 'yan'uwa sukan tambaye mu game da Littafin Firistoci sura 15, inda aka ba Isra'ilawa dokar kwana 7. A Markus sura 5, mace mai zubar jini shekara 12 ta taɓa rigar Yesu, bai kore ta ba, ya kira ta 'yarsa, ya sallame ta lafiya. Don haka ba ma hana mace sujada saboda al'ada, ba ma kuma so kunya ta hana uwa koya wa 'yarta wannan lissafi tun ranar da ta fara gani. Muna roƙon shugabannin zumuntar mata su keɓe zama guda a kan batun, kowace ta zo da kalandarta da biro, a gayyaci ma'aikaciyar lafiya ta kusa ta duba lissafin tare da su.