Gajeren Zamanin Faks a Daura

A da, takardar mulki a ƙasar Daura da ƙafar mutum take tafiya. Magatakarda ya rubuta, a buga hatimin sarki, a naɗe a miƙa wa manzo ya hau doki. Bayan Turawa sun dawo da Sarki Musa daga Zango a 1906, aka shiga zamanin En'e, sannu a hankali masinja mai keke ya gaji mai doki, gidan waya kuma ya zo da tangarahu. Sai dai tangarahu kalmomi kawai yake kaiwa, ana ƙirga su ana biya. Ba ya kai sa hannu, ba ya kai hatimi, don haka duk takardar da ta shafi kuɗi ko muƙami dole wani ya riƙe ta a hannu har inda za ta.

Wannan giɓin faks ta zo cikewa. Tsohuwar dabara ce ma, ta girmi tarho: wani mai gyaran agogo ɗan Sikotilan, Alexander Bain, ya yi mata rajista tun 1843. Amma sai da aka daidaita ƙa'idarta a 1980, na'urar wannan kamfani ta iya magana da ta wancan, sannan ta bazu. A nan gida an kafa kamfanin tarho na NITEL a 1985, aka yanko Jihar Katsina daga Kaduna a 1987, ofisoshi da kwangiloli suka matso kusa. Mai neman a san ya isa sai ya sa lambar faks a saman takardar kamfaninsa, ta fara da 065 ta Katsina ko 064 ta Kano, ko da na'urar ta wani ce.

Na yi aikin buga takardu a wani shago a cikin gari, daga tafireta har zuwa kwamfuta. Masu zuwa neman faks ba su da yawa, amma duk wanda ya zo da gaggawarsa yake zuwa: ɗan kwangila da wa'adi ya ƙure masa, ɗan kasuwa mai hulɗa da Damagaram ta hanyar Kwangwalam, uba da ɗansa ke neman makaranta a waje. Sai a kifa takardar a bakin na'ura, a buga lamba, a yi shiru ana sauraro. In can ɓangaren ya amsa da wannan ƙara mai tsini, takarda ta soma sulalewa ciki. Mutum ba zai tafi ba sai ɗan guntun rasit ya fito.

"Malam, ta shiga?"

"Ta shiga, Alhaji, ga shaida."

Ya ninke rasit ɗin ya sa a aljihun gaba tare da kuɗinsa. Wadda aka aiko mana kuwa a kan farar takarda mai santsi take fitowa, zafi ne ke rubuta ta, ba tawada ba. A zafin Daura, in ba a yi mata fotokwafi ba, bayan 'yan watanni rubutun ya dushe. Masu wayon ofis sun san haka tun wuri.

Da Windows XP ta fito a 2001, sai aka ce ai na'urar ma ba dole ba ce. In kwamfutarka na da modem, ka soka igiyar tarho a bayanta, ka zaɓi faks a inda ake zaɓar firinta, shi ke nan. A faɗe abu ne mai kyau. Amma takardar da ta fito kai tsaye daga kwamfuta babu sa hannun kowa a kanta, shi ne kuma abin da mai karɓa yake jira. Sai ka ga an buga ta, an sa hannu, an danna hatimi, an sake ɗaukar hotonta an mayar cikin kwamfutar da ta fito.

Daga nan aka shiga sauye-sauyen manhaja. Vista ta zo a 2007, nau'o'inta biyu na gida babu faks a ciki. Windows 7 ta dawo da ita a 2009, amma tsofaffin modem da yawa ba su da manhajar da za ta haɗa su da sabon tsarin. Abin da ake cewa a shaguna shi ne, "An yi mini sabon Windows, faks ta ɓata." Masu gyara suka ci kuɗi suna mayar wa mutane da XP.

Ni dai ban yarda sabon Windows ne ya kashe ta a nan ba. Faks sai da layin ƙasa, layin kuma ya riga ya kwanta. Lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na 2001, layukan tarho a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. Kowa ya koma salula, ita kuma tana matse murya ne don kunnen mutum, ƙarar faks ba ta wucewa lafiya ta hanyar kiran da muka saba. An sayar wa Transcorp da NITEL a 2006, gwamnati ta soke cinikin a 2009, a tsakani ɓarayin waya suna ta haƙe tagulla. Wanda ya yi nasarar dawo da manhajarsa sai ya ɗaga kan tarho ya ji babu ko amo.

A wasu ƙasashe ta yi tsawon rai. Sai a ƙarshen 2018 gwamnatin Birtaniya ta hana asibitocin Ingila sayen sababbin na'urorin, ofisoshin Japan kuwa har yanzu suna fama da ita. Windows 10 ma ta zo da manhajar a cikinta. Yau in wani asibiti ko ofishi a waje ya dage sai faks, mutumin Daura ɗaukar hoton takardar yake yi da wayarsa, ya biya wani kamfani ta intanet, su tura ta daga layinsu na can.