Tagar Gilashi Ta Leƙen Rai: Gudummawar Liyon Da Faris

A ƙarni na 19 masu binciken jikin ɗan Adam sun sha fama da wata matsala. In suna son duba ƙwayar halitta a madubin likita, galibi sai sun kashe ta tukuna, su rina ta, sa'an nan su ɗora ta bisa gilashi. Siffar gawa kurum suke gani. Yadda ƙwayar ke motsi da rabuwa biyu kuwa, sai dai a yi ƙiyasi.

A 1907 wani Ba'amurke, Ross Harrison, ya raya tsokar jijiyar ɗan kwaɗo cikin ɗigon ruwan jiki da ke rataye ƙarƙashin siririn gilashi. Wanda ya faɗaɗa aikin shi ne Alexis Carrel, likitan da aka haifa kusa da Liyon a 1873, ya yi karatu a can, kana ya koma Cibiyar Rockefeller ta New York a 1906. A watan Janairu na 1912 ya soma renon tsokar zuciyar ɗan tsako. A 1923 kuma ya ƙago wata kwalba mai shimfiɗaɗɗen gindi da karkataccen wuya, domin a sauya wa ƙwayoyin abinci ba tare da ƙura ta faɗa ciki ba.

Raya ƙwaya dabam, ganinta sosai dabam. Nan ne Faris ta shigo. A 1909 Jean Comandon, da taimakon kamfanin Pathé, ya haɗa madubin likita da na'urar majigi, irin wadda 'yan'uwan nan Lumière na Liyon suka fito da ita a 1895, ya ɗauki ƙwayar cutar tunjere tana iyo. Daga baya, a reshen Cibiyar Pasteur da ke Garches, shi da Pierre de Fonbrune suka riƙa killace ɗigon ruwa da mai don kada ya bushe, suna taɓa ƙwayar da allurar gilashi. A shekarun 1950 kuma Georges Nomarski ya ƙirƙiro hanyar sarrafa haske wadda ke fito da ƙwaya a fili ba tare da rini ba.

Farantin reno na yau magajin waɗannan ne. Jikinsa roba ne, amma an huda gindinsa an liƙa gilashi mai kaurin milimita 0.17. Dalili kuwa shi ne, idon madubi mai ƙarfi dole ya matso dab da ƙwayar, ga shi an ƙera shi daidai da wannan kauri. Gindin roba ya cika kauri, yana kuma hargitsa hasken da hanyar Nomarski ke bukata.

Tarihi dai bai ƙyale Carrel ba. Renon zuciyar ya kai 1946, har aka ɗauka ƙwaya ba ta mutuwa. Amma a 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa lafiyayyar ƙwayar mutum kan rabu kamar sau 50 ta tsaya. A 1996 kuma jami'ar Liyon ta cire sunansa daga sashenta na koyon likita, saboda ra'ayinsa na tace jinsin ɗan Adam da ya bayyana a littafinsa na 1935. Hanyar renon da ya shimfiɗa kuwa, da ita ake gwajin magunguna da haɗa rigakafi har gobe.