Yadda Aka Buɗe wa Bakteriya Littafin Shige da Fice

A shekarar 1965 wani masanin sinadaran jiki ɗan Jamus, Gerhard Michal, ya zana wa kamfanin Boehringer Mannheim wata ƙatuwar taswira. Ta nuna hanyoyin da mai rai ke bi wajen sarrafa abinci: sukari ya shiga ta nan, a farfasa shi, wani kaso ya zama kuzari, wani ya zama kayan gina jiki. Shekara da shekaru tana manne a bangon ɗakunan bincike na duniya. Sai dai akwai tambayar da ba ta amsawa. In aka ba ƙwayar bakteriya sukari kaza da iskar oksijin kaza, nawa zai bi wannan hanya, nawa zai bi waccan, kuma da wane sauri ƙwayar za ta hayayyafa?

Da farko masana sun ɗauka sai an auna saurin kowane enzayim, wato sinadarin da ke tura kowane mataki, kafin a samu amsa. Matakan kuwa ɗaruruwa ne, kuma abin da enzayim ya yi a kwalbar gwaji ba lallai shi zai yi a cikin ƙwaya mai rai ba. Aikin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Mafitar ta zo ne daga masu tunani irin na akanta. Eleftherios Papoutsakis a 1984, sannan David Fell da Rankin Small a 1986, suna cikin waɗanda suka fara nuna cewa ana iya ajiye maganar sauri a gefe. Muddin ƙwaya tana girma a natse, duk sinadarin da aka samar a cikinta dole a yi amfani da shi daidai gwargwado, ba ya taruwa, ba ya ɓacewa. Kamar littafin ɗan kasuwa ne: abin da ya shigo shago da abin da ya fita tilas su yi daidai. Sharaɗin kaɗai ba ya ba da amsa guda, sai aka ƙara masa zato ɗaya, cewa burin ƙwayar shi ne ta yi girma iyakar iyawarta. Dabarar warware irin wannan lissafi tana nan tun 1947, lokacin da George Dantzig ya ƙirƙiro ta don tsara ayyukan rundunar sojin saman Amurka.

Wanda ya riƙe wannan hanya da hannu biyu shi ne Bernhard Palsson, injiniya ɗan ƙasar Aisland. Shi da ɗalibinsa Amit Varma, a Jami'ar Mishigan, sun gwada ta a 1993 da 1994 a kan E. coli, bakteriyar hanji da likitan yara Theodor Escherich ya gano a 1885. Lissafinsu ya hango saurin girmanta, har da lokacin da za ta fara zubar da asid ɗin asetet idan sukari ya fi ƙarfin iskar da take samu. Amma hanyoyin da suka sa a kwamfuta kaɗan ne, waɗanda aka tsinto daga littattafai.

Shekarar 1995 ce ta canza lamarin. A cikinta ne ayarin Craig Venter da Hamilton Smith suka karanta dukkan DNA ɗin Haemophilus influenzae, haruffa wajen miliyan 1.8, karo na farko ga wata halitta mai rayuwa da kanta. A shekarar dai Minoru Kanehisa ya buɗe rumbun bayanai na KEGG a Jami'ar Kiyoto. A 1997 Frederick Blattner na Jami'ar Wiskonsin ya fitar da na E. coli, haruffa miliyan 4.6. Yanzu mai bincike zai iya bin ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya, ya ga wane enzayim kowace ke samarwa. Palsson, wanda ya riga ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, shi da Jeremy Edwards suka gina samfurin kwamfuta na H. influenzae a 1999, na E. coli kuma a 2000, mai ƙwayoyin gado 660.

A ganina, ranar da wannan fanni ya tsaya da ƙafafunsa ita ce ranar da lissafi ya saɓa wa gwaji. An ciyar da E. coli da gilisarol maimakon gulukos, sai ta riƙa girma ƙasa da abin da kwamfuta ta ce. Da wasu ne da sun koma sun gyara lambobi har su dace. Rafael Ibarra da Edwards da Palsson sai suka bar lissafin yadda yake, suka ci gaba da renon ƙwayar a kan gilisarol, suna sauya mata kwalba kafin abinci ya ƙare. Bayan kimanin kwana 40, wajen zuriya 700, girmanta ya kai inda kwamfuta ta nuna tun farko. Mujallar Nature ta buga sakamakon a 2002. Ashe kwamfutar iyakar abin da ƙwayar za ta iya ta faɗa, ita kuwa ƙwayar ba ta saba da abincin ba ne. Da aka karanta DNA ɗin ƙwayoyin da aka rena a kan gilisarol ta irin wannan hanya a 2006, an tarar da 'yan sauye-sauye ƙalilan, ciki har da na enzayim ɗin da ke fara sarrafa gilisarol.

A 2006 ɗin ne kuma masana a Japan, tare da abokan aiki a Jami'ar Purdue, suka kammala tarin Keio: nau'in E. coli kusan 4,000, kowanne an cire masa ƙwayar gado ɗaya. Wannan ya zama jarrabawar kowane sabon samfuri. In kwamfuta ta ce ƙwaya za ta mutu amma ta rayu, to akwai wata hanya da ba a sani ba, sai a bazama nema. Da haka samfurin E. coli ya yi ta kumbura, daga ƙwayoyin gado 904 a 2003 zuwa 1,515 a 2017. Masana'antu ma sun ci moriya. Kamfanin Genomatica ya yi amfani da irin wannan lissafi ya sa E. coli samar da sinadarin BDO da ake roba da shi, kuma a 2016 kamfanin Novamont ya buɗe masana'antarsa a Italiya.

Inda gizo ke saƙar shi ne zaton nan na son girma. Ya dace da E. coli, wadda kan rabu biyu cikin minti 20 in ta samu daula. Ƙwayar tarin fuka, wadda aka fitar da samfuranta biyu a 2007, takan ɗauki kusan yini guda kafin ta rabu, kuma tana iya lafewa a jikin mutum shekaru ba ta girma, tana cin kitsen mai ɗauke da ita. Masu neman maganinta ta kwamfuta sai sun haɗa da wasu bayanan, kamar waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki a lokacin da take kwance, kafin lissafinsu ya kusanci abin da ke faruwa a huhun majinyaci.