Shinkafar da Ke Tsere da Gulbi

Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, inda Zauro take, gulbi yakan cika ya malale bisa fadama a ƙarshen damina. Yawancin tsirrai ba sa jure haka, domin iskar oksijin tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, wajen sau 10,000 ƙasa da yadda take ratsa sarari, saboda haka saiwar da ruwa ya danne takan shaƙe ta ruɓe. Duk da haka Kabawa sun daɗe suna noman shinkafa a wannan wuri, har akan girbe wata daga cikin kwalekwale. Shinkafar da suka gada ita ce jar shinkafar Afirka, wadda aka fara nomawa a yankin kogin Neja kimanin shekaru 3,000 da suka wuce, kuma masanin tsirrai Steudel ya raɗa mata suna Oryza glaberrima a 1853.

Asirinta yana cikin ƙwayoyin halittarta, wato ƙananan ɗakunan da aka gina jikin kowane mai rai da su, waɗanda Robert Hooke ya fara bayyanawa a Ingila a 1665. Kowace ƙwaya da aikinta, kuma sifarta takan bi aikin. Jar ƙwayar jinin mutum, alal misali, tana zubar da cibiyarta don ta sami wurin ɗaukar oksijin. A saiwar shinkafa sadaukarwar ta fi haka: wasu ƙwayoyi suna mutuwa bisa tsari, su narke, su bar kogunan iska da ke haɗe daga ganye zuwa kara zuwa saiwa. Ta nan oksijin ke sauka cikin taɓo. Ƙwayoyin bayan saiwa kuwa suna da kaurin bango mai hana iskar tsiyayewa kafin ta kai ƙarshe, su kuma na fatar ganye suna lulluɓe da kakin da ke korar ruwa, har wata siririyar iska takan maƙale a jikin ganyen da ya nutse.

Sai batun tsawo. A gindin kowace gaɓar kara akwai ƙwayoyi masu rarrabuwa. Idan ruwa ya hau, wata iska da tsiron ke fitarwa, mai suna etilin, takan rasa hanyar fita ta taru a jikinsa. Taruwarta ita ce ƙararrawa: ƙwayoyin gaɓa su shiga rarrabuwa da miƙewa, har kara ya iya ƙara santimita 20 zuwa 25 a rana guda, ganye ya ci gaba da leƙo saman ruwa. A 2009 masu bincike a Jami'ar Nagoya ta Japan suka gano ƙwayoyin gado biyu da ke jan ragamar wannan aiki a shinkafar zurfin ruwa ta Asiya, suka kira su SNORKEL1 da SNORKEL2.

Amma wannan baiwa tana da sharaɗi: ruwan ya zo a kan lokaci, ya hau sannu a hankali, ya daɗe. Da aka kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, da ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, cikar da ke isowa fadamun ƙasa ta sauya lokaci da girma. A Zauro kuma, tun 1969 aka tsara kewaye fadama da ganuwa don noman ban ruwa a fiye da hekta 10,000, sai dai gonar gwaji ta hekta 100 aka buɗe a 1982, babban aikin ya yi ta jan ƙafa. Manoma suka karkata ga gajerun nau'o'in Asiya irin su FARO 44, masu yawan yabanya da saurin nuna, musamman bayan da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Gajeren kara ba ya kwanciya da nauyin zangarniya, amma ba ya tsere da gulbi. Ambaliyar 2020 ta nuna haka, lokacin da ta shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi.

Akwai wata dabarar ta daban. Wata tsohuwar shinkafar Indiya, idan ruwa ya rufe ta, ƙwayoyinta sukan dakatar da girma, su tattala abincin da suka tara, su jira har kusan mako biyu. An gano ƙwayar gadon da ke sa haka, SUB1A, a 2006, kuma a 2017 Nijeriya ta saki FARO 66 da FARO 67 masu ɗauke da ita. Wannan tana maganin ambaliyar da ta zo kwatsam ta janye, amma ruwan da ya kwana wata biyu sai mai miƙewa. Fadamar Rima tana ganin iri biyun na ruwa, saboda haka irin jar shinkafar da ya rage a rumbunan tsofaffin manoma ya cancanci a adana shi kafin ya ƙare.