Injin jirgin ruwa ya ƙi shiga giya: abin da za a duba kafin a kwance shi

A nan ƙasar Konni, Malbaza da Illela, ruwan da muke da shi na gulbin Maggiya ne, da baraji irin na Mozage da Zongo, da tabkuna. Mafi yawan masuntanmu da filafili suke tuƙi. Amma ƴaƴanmu da yawa suna cin rani a Gaya, Yawuri, Goronyo da bakin tabkin Cadi, inda jirgi mai inji shi ne gonar mutum. Injunan nan galibi tsofaffi ne, irin su Yamaha Enduro mai doki 15 ko 40, kuma giya na cikin ciwon da ke damunsu. Shi ya sa munka tattara wanga bayani, don mai jirgi da kuma ɗan'uwan da ke aiko kuɗin gyara.

Yadda giyar take aiki

Giya uku ce kawai: gaba, firi da ribas. A cikin ƙafar injin, wadda ke nutse cikin ruwa, akwai giya biyu da ke juyawa kullum in inji na aiki, ɗaya dama ɗaya hagu. Tsakaninsu akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora, kulocin giya, da ke zamewa bisa sandar farfela. In ka ja hannun giya, wata siririyar sandar ƙarfe da ta sauko daga sama ita ke tura shi ya kama giyar gaba ko ta baya. To matsala tana iya zama a wuri huɗu: hannu da sandarsa, gudun inji, farfela, ko cikin ƙafar. A fara da na waje, don shi ya fi arha.

In hannun giya ya yi tauri

A kashe inji, a cire hular buji don kada ya tashi. Mutum ɗaya ya riƙa juya farfela da hannu a hankali, ɗaya ya sa giya. Kada a danna da ƙarfi in farfela na tsaye, haƙoran na iya yin karo, sanda ta lanƙwashe. A firi, farfela ta juya sakayau ta kowane gefe. A gaba ko ribas, ta kama. In ta kama amma hannun na da nauyi, sau da yawa tsatsa ce da busasshen giris a mahaɗai. A wanke, a shafa sabo. A duba kuma mahaɗin sandar, don notinsa kan kwance da girgiza.

In yana ƙara lokacin shiga

Ƙarar "kar-kar-kar" alama ce haƙora na gogar juna. Abu biyu ke kawo ta. Na farko, silo ya yi sama, inji na gudu da yawa lokacin da anka sa giya. A rage shi. Na biyu, hannun matuƙi. Mutane da yawa suna lallaɓa giyar, suna ganin tausayin inji ne. Ba haka ba ne. A mayar da mai ƙasa, a sa giya da sauri, sau ɗaya. Kuma daga gaba zuwa ribas a ɗan tsaya a firi, farfela ta lafa.

In giya na fita da kanta

Jirgi na tafiya da kaya, sai ka ji "gum" kamar ka bugi kututture, inji ya zabura, ya sake kamawa. Nan ko dai sandar ba ta tura kuloci har ƙarshe, ko bakin haƙoran ya cinye. A fara daidaita sandar. In bai daina ba, sai makanike ya buɗe ƙafar. Ɗaure hannun giya da igiya ko roba, kamar yadda wasu ke yi, ba magani ba ne. Kuloci kaɗai za ka saya yau. In ka ci gaba, gobe har da giyar gaba.

In inji na kuka amma jirgi ba ya tafiya

Wannan sau da yawa ba giya ba ce, farfela ce. Wasu ƙananan injuna suna da ɗan fil da ke karyewa in farfela ta bugi dutse, don ya ceci giya. A canza shi da irinsa, ba da ƙusa ba. Wasu kuma roba ce a tsakiyar farfela, in ta tsufa sai ta riƙa sulɓi. A ja layi da fenti daga tsakiyar zuwa jikin farfela, a yi ɗan gwaji kusa da gaɓa. In layin ya rabu, robar ta mutu.

Man giya shi ke faɗin gaskiya

A ƙafar akwai sukuru biyu, na ƙasa da na sama. A tsayar da inji a miƙe, a kwance na ƙasa, sannan na sama, a tari man a kwano. In ya fito fari-fari kamar nono, ruwa ya shiga. In akwai ɓarɓashin ƙarfe manya, giya na cin kanta. Mai laifin shigar ruwa sau da yawa zaren koma ne ko na fatsa da ya naɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tare mai. A riƙa cire farfela ana dubawa, musamman da damina da ruwa ke da laka da yayi.

Man da ya dace shi ne man giya lamba 90, ba baƙin man mota ba. Ana ɗura shi ta ramin ƙasa har ya fito ta na sama, a rufe na sama, sannan na ƙasa, da sababbin wasa. Ƙa'ida ita ce a canza bayan awa 100 na aiki ko wata 6.

Ga ƴan'uwa masu aiko inji

In za ku sayi na hannu a Kwatano, Legas ko Onica, kada tashin inji ya ruɗe ku. Ku sa a tsiyayo man giya ku gani da ido, a gwada gaba da ribas cikin ruwa, ba a busasshen wuri ba. Ku rubuta lambar da ke jikin injin, da ita ake samun kayan gyara daidai.

Abu na ƙarshe: injin da giyarsa ke fita bai kamata ya ɗauki ƴan kasuwa ba. Ribas ita ce birkin jirgi, kuma in gaba ta kuɓuce a tsakiyar igiyar ruwa, jirgi kan juya gefe. A gyara tukuna, a ajiye filafili biyu a ciki, a sa rigar ceto. Allah ya tsare matafiyanmu, ya maido su gida lafiya.