Tarihin Binciken Sinadaran da ke Haddasa Warin Gidajen Kiwo

Dalilin tsara wannan maƙala shi ne saɓanin da ke cikin littattafai game da adadin sinadaran warin gidajen kiwo, domin wani ya ce 168, wani ya ce 331, alhali kuwa kowannensu yana da hujjarsa.

Zancen amoniya mai zarni, da iskar kibiritu mai ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai, sananne ne tun ƙarni na 18. Shi ma sinadarin sikatol, likita Bajamushe Ludwig Brieger ya ware shi daga bayan gida tun 1877. Amma asalin bahasin, a ganina, ya faro ne a 1952, sa'ad da masana James da Martin a Landan suka fito da dabarar tura tururi ta siririn bututu, yadda kowane sinadari zai fito a lokacinsa. Kuma cikin ikon Allah, abin da suka fara rarrabewa shi ne asid masu tashi na dangin kitse, waɗanda daga baya aka tarar suna da babban hannu a warin taki.

Da kiwon aladu da kaji ya koma rufaffun ɗakuna, ana tara kashi da fitsari a rami ƙarƙashin dabbobin, maƙwabta kuwa suka yi ta kai ƙara, sai masana suka duƙufa. Aikin da na fi dogara da shi shi ne na Spoelstra a Holan, a 1980, wanda ya bayyana cewa bakteriyar da ke rayuwa inda babu iska ita ce ke narkar da ragowar furotin, ta fitar da para-kiresol daga tirosin, ta fitar da indol da sikatol daga tiriftofan.

Shi adadin 168, O'Neill da Phillips ne suka tattara shi a Ingila a 1992 daga rubuce-rubucen magabata, shi kuwa 331, Susan Schiffman da abokan aikinta ne suka auno shi a 2001 a gonakin aladu na Karolina ta Arewa. Ke nan naƙali ne da awo, ba jayayya ba. Sai dai yawan suna ba ya nuna mai laifi, shi ya sa aka zaunar da mutum a bakin bututun na'urar rarrabe sinadarai, yana shinshinar kowane sinadari da ya fito yana faɗin irin warinsa. Ta wannan hanya masu bincike a Amurka suka nuna a 2005 cewa para-kiresol shi ne kan gaba a warin da iska ke kaiwa nesa da garke.

A kan batun amfani da hanci kuwa, Turai ta kafa ƙa'idar awon wari da hancin mutane, EN 13725, a 2003.